Sabunta Babbar Manhajar Tsohuwar Kwamfuta da Haɗa Na'urori: Abin da Ya Shafi Rubutun Hausa

0. Gabatarwa

A gidajen malamai da ɗalibai masu bincike kan harsunan ƙasa akwai tsofaffin kwamfutoci waɗanda har yanzu suna aiki. A cikinsu ake samun kundayen digiri, da jerin kalmomin ƙamus, da tatsuniyoyi da hirarrakin da aka naɗo daga ƙauyuka aka juye su a rubuce. Tun ranar 14 ga Oktoba 2025, da kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen kulawar yau da kullum da yake yi wa Windows 10, masu irin waɗannan na'urori suke tambaya: a sabunta su ne, ko a sauya su, ko kuwa a bar su yadda suke?

Manufar wannan maƙala ita ce mu amsa tambayar ta fuskar mai nazarin harshe. Na'ura idan ta lalace ana sayen wata. Amma maganar da aka ɗauko daga bakin tsohon da ya riga mu gidan gaskiya ba a sake samun ta. Za mu nuna cewa babban hatsarin sabuntawa yana cikin yadda tsofaffin manhajoji suka adana baƙaƙen Hausa masu ƙugiya da alamun karin sauti. Saboda haka aikin yana da jeri wanda bai kamata a tsallake ba: ajiya, sannan juyar da rubutu, sannan sabuntawa, daga ƙarshe haɗa na'urori.

Ga kalmomin da za mu yi amfani da su, tare da takwarorinsu na Faransanci:

babbar manhaja: système d'exploitation
ƙwaƙwalwar aiki: mémoire vive
faifan ajiya: disque dur
zubin haruffa: police de caractères
jadawalin lambobi: codage
haɗakar gida: réseau local

1. Halin da tsohuwar na'ura take ciki

1.1. Dalilin sabuntawa

Babbar manhaja ita ce take tsakanin ƙarfen na'ura da sauran manhajojin da muke aiki da su. Kowace tana da wa'adin da kamfaninta yake toshe kafofin da ɓarayin bayanai ke bi. Wa'adin Windows XP ya ƙare ranar 8 ga Afrilu 2014, na Windows 7 kuma ranar 14 ga Janairu 2020. Ƙarewar wa'adi ba ta hana na'ura tashi. Abin da take nufi shi ne duk kafar da aka gano bayan wannan rana za ta zauna a buɗe. Na'urar da ba ta shiga intanet hatsarinta kaɗan ne. Wadda ake karɓar saƙo da ita kuwa, ko ake soka mata ma'ajiyar USB ta kowa da kowa, tana cikin hatsari kullum.

1.2. Ƙarfin na'ura

Kafin a yanke shawara sai an san abu uku: irin injin lissafin da ke cikin na'urar, da yawan ƙwaƙwalwar aikinta, da girman faifan ajiyarta. Windows 11, wadda ta fito a watan Oktoba 2021, tana buƙatar inji mai bit 64, da gigabait 4 na ƙwaƙwalwar aiki, da gigabait 64 na faifai, da kuma wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0. A cikin injinan Intel, galibi sai waɗanda suka fara fitowa daga 2017 take karɓa. Ke nan yawancin na'urorin da muke magana a kansu ba su cika sharaɗi ba.

1.3. Hanyoyi uku

(a) A ɗora Windows 11, idan na'urar ta cika sharuɗɗan da ke sama.

(b) A koma ga Linux, wadda kyauta ce. Linux Mint, alal misali, tana tashi da gigabait 2 na ƙwaƙwalwar aiki da gigabait 20 na faifai, ko da yake gigabait 4 ya fi daɗin aiki. Sai dai ita ma inji mai bit 64 take so. Na'ura mai bit 32 zaɓinta ya ragu ƙwarai, domin Debian ma, wadda ta daɗe tana ɗauke da irin waɗannan injina, ta daina fitar musu da cikakken tsari tun fitowarta ta 13 a shekarar 2025.

(c) A bar tsohuwar manhaja yadda take, a raba na'urar da intanet, a mai da ita ma'ajiyar tsofaffin ayyuka.

Hanya ta uku tana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Manhajojin zamanin DOS da Windows 3.1, masu bit 16, ba sa tashi a kan Windows mai bit 64. Wanda ya rubuta kundinsa da irin waɗannan, ya kuma shafe tsohuwar na'urarsa, ya rufe ɗaki ne ya jefa makulli a rijiya.

2. Matsalar haruffa

2.1. Lamba da zane

Kwamfuta ba ta adana harafi, lamba take adanawa. Jadawalin lambobi ne yake cewa lamba kaza harafi kaza ce, zubin haruffa kuma shi yake zana harafin a kan allo ko takarda. Tsofaffin jadawalai gurbi 256 kawai suke da shi, kuma babu ɓ, ɗ, ƙ da ƴ a cikin waɗanda aka yi wa harsunan Yammacin Turai. Ko Faransanci bai tsira ba. A jadawalin DOS mai lamba 850, harafin é yana gurbi na 130. A jadawalin Windows mai lamba 1252, yana gurbi na 233, gurbi na 130 kuma wata alama ce mai kama da waƙafi. Shi ya sa rubutun DOS da aka buɗe a Windows ba tare da juyi ba yake fitowa kamar haka:

(1) a. phonétique
b. phon‚tique

2.2. Dabarun da aka yi wa Hausa

Masu rubuta Hausa a shekarun 1980 da 1990 sun bi dabaru iri uku.

Dabara ta farko ita ce barin ƙugiya gaba ɗaya. Wannan rubutu babu manhajar da za ta gyara shi ita kaɗai, domin bambancin ma'ana ya ɓace tun ranar da aka buga shi:

(2) a. baki / baƙi
b. kafa / ƙafa
c. kasa / ƙasa

Sai mai jin harshen ya bi shi layi layi, yana duba mahallin kowace kalma.

Dabara ta biyu ita ce ƙara alama kusa da harafi, wato b', d', k' da 'y. Wannan tana juyuwa ta hanyar "nemo ka musanya", amma a takardu masu harshe biyu irin namu akwai tarko. Umarnin da ya mai da kowane d' ya koma ɗ zai shiga sashen Faransanci ma:

(3) a. d'aki > ɗaki
b. d'abord > *ɗabord

Dabara ta uku ita ce ta fi kyau a ido, ita ce kuma ta fi hatsari. Wani ya ɗauki zubin haruffa ya goge zanen wani harafin da Hausa ba ta buƙata, ya zana mai ƙugiya a gurbinsa. Mu ɗauka an sa ƙ a gurbi na 231, wanda a jadawalin 1252 na ç ne. Muddin wannan zubi yana cikin na'ura, marubuci yana ganin (4a). Amma abin da yake kwance a faifai shi ne (4b), kuma shi zai fito ranar da aka ɗora sabuwar manhaja wadda ba ta da zubin:

(4) a. ƙasar Damagaram
b. çasar Damagaram

A nan ma musanyar gaba ɗaya tana ɓarna, domin za ta mai da français ya koma *franƙais. Zubin sautuka na SIL IPA93, wanda masu nazarin furuci suka yi aiki da shi sosai, haka tsarinsa yake: alamun furuci ne aka zauna da su a gurbin haruffan Turai. Kuma tun da kowace cibiya da irin zubin da ta ƙera ko ta gada, babu jadawali guda da zai warware duka. Wannan ne dalilin da ya sa muke cewa tsohon zubin haruffa ɓangare ne na rubutun, dole a adana su tare.

2.3. Unicode

Maganin matsalar shi ne Unicode, wanda ya fara fitowa a 1991, inda kowane harafi yake da lambarsa ta dindindin ko da wane zubi aka zana shi. Lambobin baƙaƙenmu su ne:

(5) ɓ U+0253, Ɓ U+0181
ɗ U+0257, Ɗ U+018A
ƙ U+0199, Ƙ U+0198
ƴ U+01B4, Ƴ U+01B3

Game da na ƙarshe akwai abin lura. Ƙa'idar rubutun Hausa ta Nijar, wadda aka tabbatar a 1999, ƴ take amfani da shi, a Najeriya kuwa 'y ake rubutawa. Ga mai karatu sauti ɗaya ne, ga na'ura abubuwa biyu ne daban. Wanda ya haɗa matanin Zinder da na Kano a taska guda, ya nemi ƴaƴa, ba zai ga 'ya'ya ba. Sai a zaɓi ɗaya domin bincike, a rubuta zaɓin a farkon taskar.

2.4. Karin sauti da tsawon wasali

Rubutun yau da kullum ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali, amma rubutun nazari yana nuna su:

(6) a. kūkā (na hawaye)
b. kūkā̀ (itaciya)

Wasalin ƙarshe na (6b) yana ɗauke da alama biyu. Unicode yana da haɗaɗɗen harafi guda na ḕ da na ṑ, amma ba shi da irinsa na a, i da u. Ana iya rubuta ā̀ da lamba biyu, wato ā da alamar karin ƙasa, ko da lamba uku, wato a da alamar tsawo da alamar karin ƙasa. A ido duk ɗaya ne. Ga manhajar da ke ƙirga kalmomi ko jera su a ƙamus kuwa, suna iya zama kalmomi biyu. Unicode ya tanadi hanyoyin daidaitawa, NFC mai haɗewa da NFD mai rarrabewa. Kowace aka bi daidai ne, muddin ita kaɗai aka bi a cikin taskar duka.

3. Matakan aiki

3.1. Ajiya

A kwafe duk fayilolin aiki zuwa wuri biyu da ke wajen na'urar. Tare da su a kwafe jakar zubin haruffa, wadda a Windows take C:\Windows\Fonts, da tsarin madannai da aka yi rubutun da shi, da fayilolin saiti na manhajojin ƙamus irin su Shoebox da Toolbox, domin a cikinsu jerin baƙaƙe yake, wato inda ƙ, sh da ts suke faɗawa. Ma'ajiyar USB mai tsarin FAT32 ba ta ɗaukar fayil guda da ya wuce gigabait 4, don haka dogon bidiyo sai an nemi mai tsarin exFAT ko NTFS. Bayan kwafi a buɗe wasu fayiloli a wata na'urar a gani da ido. Ajiyar da ba a gwada ba, ba a san ko ajiya ce ba.

3.2. Shaida

Tun tsohuwar na'ura tana aiki, a buga kowane muhimmin rubutu a takarda, ko a mai da shi PDF. Wannan shi ne shaidar yadda marubuci ya so rubutun ya fito, kuma da shi za a gwada sakamakon juyi.

3.3. Juyi

A yi jerin kowane baƙon harafi da ke cikin fayil da abin da yake wakilta. A yi musanya a kan kwafi, sashen Hausa daban, na Faransanci daban. A manhajar rubutu ana iya takaita musanyar ga kalmomin da ke cikin wani zubi kawai, abin da ke kare misalai irin (3b). Idan fayilolin suna da yawa, SIL ta tanadi TECkit domin irin wannan aiki. Tsofaffin fayilolin WordPerfect kuwa LibreOffice yana buɗe su. A ajiye sakamakon a tsarin UTF-8, a kuma bar na asali ba tare da an taɓa shi ba.

3.4. Ɗora sabuwar manhaja

Linux tana da fa'idar cewa ana iya tayar da ita daga ma'ajiyar USB a gwada allo, sauti, Wi-Fi da injin bugawa kafin a taɓa faifai. Shawararmu ita ce a cire tsohon faifan a ajiye shi, a sa sabo irin SSD a ɗora manhajar a kansa. Riba biyu ke nan: na'urar za ta yi sauri sosai, kuma tsohon tsarin yana nan idan an buƙace shi. A share ƙurar da ta toshe fanka, domin zafi yana kashe na'ura ana tsakiyar aiki. A duba ɗan batirin agogo, galibi CR2032, domin idan kwanan wata ya karkace shafukan intanet masu tsaro sukan ƙi buɗewa. Kada a fara aikin sai da cikakken batir ko na'urar riƙe wuta, saboda ɗaukewar lantarki a tsakiyar ɗorawa tana barin na'ura ba tsohuwa ba sabuwa.

3.5. Kayan aikin harshe

Bayan ɗorawa a sa zubin Unicode masu ɗauke da baƙaƙenmu da alamun karin sauti, irin su Charis SIL da Doulos SIL. Windows da Linux duka suna da tsarin madannai na Hausa, amma bisa jerin QWERTY. Wanda hannunsa ya saba da AZERTY zai fi samun sauƙi da Keyman, wanda ake samu kyauta kuma yana ba mutum damar tsara madannansa. Praat da ELAN suna aiki a kan Windows da Linux.

4. Haɗa na'urori

4.1. Amfaninsa

Sautin sa'a ɗaya da aka naɗa a tsarin WAV, da ingancin faifan CD, yana cin kusan megabait 635. Aika irin wannan ta intanet daga ɗaki zuwa ɗaki ɓarnar kuɗi ce. Haɗakar gida ba ta buƙatar intanet ko kaɗan. A kan waya mai gudun megabit 100 fayil ɗin yana wucewa cikin kamar minti ɗaya, a kan mai gigabit ɗaya kuma cikin ƴan daƙiƙoƙi.

4.2. Waya da adireshi

Na'ura biyu ana haɗa su kai tsaye da wayar Ethernet guda. A da sai an nemi waya ta musamman mai gicciyayyun zare, amma kafofin gigabit suna daidaita kansu. Idan sun wuce biyu sai a sa akwatin rarrabawa a tsakiya, kowace ta ja wayarta zuwa gare shi, kada tsawon waya ɗaya ya wuce mita 100. Akwatin Wi-Fi na gida ma yana yin wannan aiki ko babu kuɗin intanet a cikinsa, kuma shi yake raba wa na'urori adireshi. In babu shi sai a rubuta adireshin da hannu:

(7) na'ura ta farko: 192.168.1.10
na'ura ta biyu: 192.168.1.11
abin rufi ga duka biyun: 255.255.255.0

Lambobi uku na farko unguwa ce, ta ƙarshe kuma gida. Dole unguwar ta zama ɗaya, gidajen su bambanta. Idan na'ura ta nuna adireshi mai farawa da 169.254, alama ce ta nemi mai ba ta adireshi ba ta samu ba, ta ba kanta.

4.3. Raba jaka

Windows tana raba jakunkuna ta ƙa'idar da ake kira SMB. Linux tana jin wannan ƙa'ida ta hanyar Samba, wadda Andrew Tridgell ya fara fitarwa a 1992. Ke nan na'urar da aka mai da Linux tana iya zama ma'ajiyar gida, sauran su riƙa ɗauka suna ajiyewa. A buɗe wa kowane mai aiki suna da kalmar sirri, a bambanta mai izinin karatu da mai izinin gyara.

Windows XP fasalin farko na SMB kawai take ji, kuma ta kafar wannan fasali ne cutar WannaCry ta bazu a watan Mayu 2017 tana kulle fayilolin mutane. Sababbin Windows suna zuwa da shi a kashe. Kada a kunna shi don a ga tsohuwar na'ura. Ya fi aminci a cire faifanta a haɗa shi da sabuwa ta wayar USB mai bakin IDE ko SATA, a kwashe abin da ake so.

4.4. Sunayen fayiloli da kwafin asali

Linux tana bambanta babban baƙi da ƙarami a sunan fayil, Windows ba ta yi. Tahoua.wav da tahoua.wav fayil biyu ne a can, ɗaya a nan, kuma wajen kwafi ɗaya yana iya danne ɗaya. Windows kuma ba ta yarda da alamun ? : * a cikin suna. Ga fayilolin taska mun fi son suna marar ƙugiya, marar tazara, mai farawa da kwanan wata:

(8) 1996-03-14_tibiri_tatsuniya_02.wav

Cikakken suna da ƙugiyoyinsa sai ya tafi cikin rajistar taskar.

Abu na ƙarshe: jakar da aka raba ba ajiya ba ce. Fayil ɗin da aka goge ta haɗaka daga wata na'urar Windows ba ya faɗawa kwandon shara, tafiya yake yi. Cutar da ta kama na'ura ɗaya tana kai wa ga duk jakar da take da izinin gyarawa. Saboda haka a tsai da kwafin asali guda wanda mutum ɗaya yake da alhakinsa, a kuma riƙe kwafi uku, a kan ma'aji iri biyu, ɗaya daga ciki a wani gida daban.

5. Kammalawa

Mun ga cewa zaɓin babbar manhaja ya dogara ga ƙarfin na'ura, haɗa na'urori kuma aikin waya ne da adireshi da izini. Waɗannan kowane mai gyaran kwamfuta zai iya yin su. Abin da ba zai iya ba shi ne ya san cewa ç ɗin da ke shafi na goma ƙ ne, na shafi na sha ɗaya kuma ç ne na gaskiya. Wannan aikin mai harshe ne, kuma lokacinsa shi ne kafin na'ura ta bar hannunsa.

Muna ba da shawara ga sashe ya tattara tsofaffin zubin haruffan da malamai da ɗalibai suka yi aiki da su, ya rubuta wa kowanne jadawalin juyinsa zuwa Unicode, ya kuma ajiye aƙalla tsohuwar na'ura ɗaya mai aiki, ba tare da intanet ba, domin buɗe fayilolin da sababbi suka kasa. Batun matanin ajami, wanda matsalolin lambobinsa suka bambanta da na boko, muna ganin ya cancanci nazari na musamman.